Ku Tambaya Mu Amsa: Zancen Keke da Motsa Jiki da Italiyanci

Wasiƙun wannan karon yawancinsu daga 'yan'uwa mazauna Italiya suka fito, da masu shirin jarrabawar Italiyanci, kuma kusan dukkansu a kan keke da motsa jiki suka tsaya. Ba abin mamaki ba ne. Wanda bai samu lasin tuƙi ba tukuna keke ne motarsa, kuma "da me kake zuwa aiki?" tana cikin tambayoyin farko da abokin aiki ko malamar aji za su jefo maka.

TAMBAYA, daga wani ma'aikacin masana'anta a Brescia: Assalamu alaikum. Kullum da keke nake zuwa aiki. In an tambaye ni sai in ce *Io sto andando lavoro con bicicletta ogni giorni*. Ana gane ni, amma malamarmu ta makarantar manya, wato CPIA, sai ta riƙa girgiza kai. Ina matsalar take?

AMSA: Wa alaikumus salam, Malam. Kurakurai huɗu ne a jimla ɗaya, amma kada gabanka ya faɗi, duk masu saurin gyaruwa ne. Abin da Ba'italiye zai ce shi ne: *Vado al lavoro in bici tutti i giorni.*

Babban cikinsu shi ne *sto andando*, kuma Hausa ce ta ja ka. Mu "ina zuwa aiki" tana iya nufin yanzu kana kan hanya, tana kuma iya nufin abin da ka saba. Italiyanci ya raba su. *Sto andando* ta yanzu-yanzu ce, ƙafarka na kan feda aka kira ka a waya. Abin da aka saba yi kuwa, wanda mu muke cewa "nakan je", da aikatau na yanzu tsurarsa ake faɗinsa: *vado, vai, va, andiamo, andate, vanno*. Ba su da wata kalma ta musamman irin "kan" ɗinmu. Kalmar lokaci da ka haɗa da shi ita ke nuna al'ada ce.

Na biyu, ba a zuwa wuri hannu rabbana, sai da 'yar kalma a gaba: *al lavoro, al parco, al mercato*, amma *a casa, a scuola*, sannan *in palestra, in piscina, in fabbrica, in moschea*. Kada ka wahalar da kanka neman dalili. Haddace kowanne tare da abokin tafiyarsa.

Na uku, abin hawa *in* yake ɗauka: *in bici, in macchina, in treno, in autobus*. Tafiyar ƙasa ce ta fita daban, *a piedi*. Ana cewa *con*, amma sai da *la*, musamman in wani keke takamaimai ake nufi: *con la bici di mio fratello*, da keken ɗan'uwana. Kada kuma ka ɗauko "tuƙa keke" ka ce *guido*, wannan na mota ne. *Salgo* kuma ɗarewa kan sirdi kaɗai take nufi, ba tafiyar ba.

Na huɗu, *ogni* tilo take bi: *ogni giorno, ogni mattina*. In jam'i kake so, ka ce *tutti i giorni, tutte le mattine*. Sai in lamba ta shigo tsakani take karɓar jam'i, kamar *ogni due giorni*, duk bayan kwana biyu.

*Io* ɗin nan ma ajiye ta. *Vado* ta riga ta nuna kai ne. In ka sa *io* kamar ka ce "ni dai nakan je" ne, wato kana bambanta kanka da wani.

TAMBAYA, daga wani ɗalibi mai shirin jarrabawar CILS, ta samun takardar shaidar iya Italiyanci: Yaya zan faɗi sau nawa nake hawa, da minti nawa tafiyar take ci, da tsawon lokacin da na yi ina hawan? Nan nake rikicewa.

AMSA: Abu uku ka haɗa, kuma kowanne da ƙofarsa.

Sau nawa, *volta* ce, jam'inta *volte*: *una volta alla settimana, tre volte alla settimana, due volte al mese*. In ba ƙidaya za ka yi ba, akwai *sempre* kullum, *di solito* galibi, *spesso* sau da yawa, *ogni tanto* jefi-jefi, *raramente* ba kasafai ba. *Mai* sai da *non* a gaban aikatau, kamar yadda "ba" ɗinmu ke zuwa gaba da baya: *Non vado mai in palestra*, ba na zuwa gidan motsa jiki ko kaɗan. Fashin rana ɗaya kuwa, *un giorno sì e uno no*.

Ga wani tarko a ranakun mako. *Il sabato vado a correre* na nufin duk Asabar nakan fita gudu. *Sabato vado a correre*, babu *il*, Asabar mai zuwa ce kaɗai. Wanda ka gaya wa ta farko ba zai jira ka a filin ba, wanda ka gaya wa ta biyu zai jira. Lahadi ce kaɗai mace a cikinsu: *la domenica*.

Mintocin da tafiya take ci, hanya biyu ce. In kai ne ma'aunin, *metterci*: *Ci metto venti minuti*, minti 20 nake yi. A tambaya, *Quanto ci metti?* Jiya kuwa, *Ci ho messo mezz'ora perché pioveva*, na ɗauki rabin awa saboda ana ruwa. In hanyar ce ma'aunin, ko wa ya bi ta, *volerci*, kuma tana bin adadi: *ci vuole un'ora*, amma *ci vogliono venti minuti*. *Ci vuole venti minuti* kuskure ne da mai jarrabawa ke kamawa nan take. Guji *prendo venti minuti*. Wannan tunanin Turanci ne da rigar Italiyanci.

Na ukun kuwa, Bahaushe ya fi Bature sa'a. Mu muna cewa "shekarata biyu ina hawan keke", ba mu mai da shi abin da ya wuce ba tunda ba a daina ba. Haka Italiyanci: *Vado in bici da due anni*, aikatau na yanzu tare da *da*. In ka ce *Sono andato in bici per due anni*, ka sanar cewa ka yi shekara biyu ka bari. *Due anni fa* kuma shekara biyu da suka wuce ke nan: *Ho cominciato due anni fa.*

A jarrabawar baka jimloli biyar tsaf sun fi goma masu ɗingishi. Misali: *Mi alzo alle cinque e mezza. Esco di casa alle sei. Vado al lavoro in bici, sono otto chilometri e ci metto mezz'ora. Se piove prendo l'autobus. La domenica gioco a calcio con gli amici.* Canza lambobin su zama naka, don tambayar da za ta biyo baya a kansu za ta ginu.

TAMBAYA, daga Verona: In na ce *vado* ko *pedalo* sai a ce in maimaita. Harshena ne?

AMSA: Leɓe ne, ɗan'uwa, ba harshe ba. Hausa ba ta da *v*, kuma *p* da *f* a wurinmu 'yan gida ɗaya ne. A Italiyanci kowanne da ma'anarsa. *Vado* nakan je ne, *bado* kuwa ina kula da wani abu. *Fare* yi ne, *pare* kuwa "da alama". *Pieno* cikakke, *fieno* busasshiyar ciyawar dabbobi. Don *p*, haɗe leɓɓa biyu gam sannan ka sake su. Don *f* da *v*, haƙoran sama ne ke taɓa leɓen ƙasa, sai dai a *v* maƙogwaro na rawa. Tsaya gaban madubi da *pedale, palestra, freno, volta* minti biyar kowace safiya.

Inda ake danna murya ma yana da aiki. *Pedàlo*, da nauyi a tsakiya, ina taka feda ne. *Pedalò*, da nauyi a ƙarshe, ƙaramin kwalekwalen shaƙatawa ne da ake haya a bakin teku.

Sauran kuwa ribarka ce. *Bici* yadda Bahaushe zai karanta ta haka take, don *ci* ɗinsu *ci* ɗinmu ce. *Chi* ita ce "ki", shi ya sa *chilometro* take "kilometro". *Giro* "jiro" ce, *giorno* "jorno", *uscire* "ushire". Baƙi mai ninki da ke ba Turawa wahala mu da shi aka haife mu: yadda kake rarrabe "kulle" da "kule", haka za ka danne *sella, gomma, bicicletta*.

TAMBAYA, daga wani mai kai abinci gida-gida a Milan: Kekena ne jarina. In ya lalace sai dai in nuna wa mai gyara da yatsa. Ku taimaka da sunayen kayan.

AMSA: Fara da sanin wurin da za ka nufa. *Gommista* mai tayar mota ne, ba naka ba. A arewacin Italiya mai gyaran keke *il ciclista* ake ce masa, kalma ɗaya da mahayin keken. Akwai kuma *ciclofficina*, inda a birane da dama masu sa kai ke ba ka kayan aiki su nuna maka ka gyara da hannunka.

Abin da zai fi kai ka can faci ne: *Ho bucato*, ko *Ho forato*, tayata ta yi faci. Faɗi wacce: *la ruota davanti* ta gaba, *la ruota dietro* ta baya. Robar waje *il copertone* ce, ta ciki mai riƙe iska *la camera d'aria*. Ka san da cewa a shaguna da yawa ba sa tsayawa liƙe huji kamar masu facinmu na bakin titi, sabuwar ta ciki suke sawa. In liƙi kake so, tambayi *Si può mettere una toppa?* In da kanka za ka sayo, karanta lambar da ke gefen taya, kamar 700x35 ko 26x1.95, ka kuma duba bakin da ake ba da iska, *la valvola*, domin iri-iri ne: siririya Presta, mai kauri irin ta mota Schrader, ga kuma Regina da ake samu a kekunan Italiya. Ɗaukar hotonta a waya ya fi dogon bayani.

Faci in ya yawaita a taya ɗaya, ɗayan biyu ne. Ko dai ƙaramin gilashi ya maƙale a cikin robar waje yana huda duk sabuwar da aka sa, sai a shafa ciki a hankali a cire shi. Ko kuma iska ce ta yi kaɗan, sai ƙarfen ƙafar ya cije ta ciki duk lokacin da ka hau dakalin titi, alamarsa huji biyu kusa da juna. Adadin iskar da taya ke so yana rubuce a gefenta. *Devo gonfiare le gomme* ita ce zan ba tayoyi iska, famfon kuma *la pompa*.

Sarƙa *la catena* ce: *È caduta la catena*, ta zame. *La catena salta*, tana tsallake haƙori in ka danna feda, yawanci alamar ta cinye. Birki *i freni*: *I freni non prendono bene*, ba sa kamawa; *fischiano*, suna ƙara. Robobin birki *i pattini* ne, in birkin faifai ne kuma *le pastiglie*. Giya *il cambio*, sirdi *la sella*, kan keke *il manubrio*, kariyar ɗora kaya *il portapacchi*, gangar jikin *il telaio*. Kafin ka bar masa keken, tambayoyi biyu: *Quanto viene?* nawa zai kama, da *Quando è pronta?* yaushe zai gama.

In ɓarawo ya yi maka ɓarna, Allah Ya kiyaye, *Mi hanno rubato la bici*, sai ka je ka yi *denuncia*, wato ka kai rahoto, wurin 'yan sanda ko Carabinieri, jandarmomin Italiya. Za su so lambar *telaio*, wadda galibi take ƙarƙashi, inda fedoji suka haɗu. Rubuta ta tun yau. Ka kuma ɗaure gangar jikin da turke, ba ƙafar gaba kaɗai ba, in ba haka ba ƙafar za ka tarar tana jiranka.

TAMBAYA, daga wata mai kula da tsofaffi a Padova: Likita ya ce in riƙa motsa jiki, ina son shiga *palestra*. Me zan ce musu? Kuma me ya sa aka gyara mini da na ce *sono andato*?

AMSA: Hajiya, an gyara miki ne don da bakin namiji kika yi magana. A Hausa "na je" ba ta nuna mace ko namiji, sai a "ka je" da "kin je". Italiyanci yana nunawa ko da kanki kike ba da labari, muddin aikatau ya ɗauki *essere*: *sono andata, sono uscita, sono caduta, mi sono allenata*. In *avere* ya ɗauka ba a taɓa ƙarshen: *ho camminato, ho pedalato, ho fatto ginnastica*. Gudu ne mai fuska biyu. *Ho corso mezz'ora*, na yi gudu na rabin awa. *Sono corsa a casa*, na ruga gida. Abin da kika saba yi a da kuwa sigarsa daban: *Da ragazza camminavo molto*, ina budurwa nakan yi tafiyar ƙasa sosai.

Aikatau uku ne ke riƙe da zancen motsa jiki. *Fare* ita ce jakar magori: *faccio sport, faccio ginnastica, faccio una passeggiata, faccio un giro in bici*. *Giocare a* ta wasannin da ake karawa ce: *a calcio, a pallavolo*. Ba a cewa *gioco a nuoto*. Iyo *nuoto* ne ko *faccio nuoto*. Sai *allenarsi*, yin atisaye, wadda ba ta rabuwa da 'yar rakiyarta: *mi alleno, ti alleni, si allena*. In kika yar da *mi* kika ce *alleno*, kin zama mai horar da wasu.

Likita da *Lei* ta girmamawa zai tambaye ki: *Fa attività fisica, signora? Quante volte alla settimana?* Ki amsa da adadi, *Cammino mezz'ora, cinque giorni alla settimana*. Wannan ya kai minti 150 a mako, mafi ƙarancin abin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta shawarci baligi ya yi na matsakaicin motsa jiki.

A teburin *palestra* ki ce *Vorrei iscrivermi*, ina son yin rajista. Kuɗin zama memba *abbonamento* ne: *mensile* na wata, *trimestrale* na wata uku, *annuale* na shekara. Tambayi *C'è una lezione di prova?* ko akwai darasin gwaji, da *Ci sono corsi solo per donne?* in ajin mata zalla kike so. Yawancinsu za su nemi *certificato medico non agonistico*, takardar shaidar lafiya da likitanki na iyali ko likitan wasanni ke bayarwa bayan ya duba sakamakon awon zuciya, *elettrocardiogramma*. Shekara ɗaya take aiki, kuma galibi biya ake yi. Kafin ki sa hannu, nemi kalmomi biyu a takardar: *rinnovo automatico*, wato yarjejeniyar na sabunta kanta, da *disdetta*, sanarwar fita. Wanda ya daina zuwa bai aika *disdetta* a kan lokaci ba, ana iya ci gaba da zarar kuɗi daga asusunsa.

TAMBAYA, daga Bergamo: Na yi ƙorafin gajiya a wurin aiki, sai wani ya ce mini *Hai voluto la bicicletta? E adesso pedala!* Ba'a yake yi wa kekena?

AMSA: A'a, karin magana ce, ko mai Ferrari ana gaya masa. Ma'anarta: kai ka nemi keke, to taka feda. Kusan "kowa ya ɗebo da zafi bakinsa". In kana son hira ta yi daɗi da irin wannan abokin, jira watan Mayu ka tambaye shi *Chi ha vinto la tappa?*, wa ya ci zangon yau. Lokacin ne ake tseren Giro d'Italia, wanda aka fara a 1909, jagoransa ke sa riga ruwan hoda, *la maglia rosa*. Kana da abin faɗa kai ma: a 2022 Biniam Girmay ɗan Eritiriya ya ci zangon da ya ƙare a Jesi, baƙar fatan Afirka na farko da ya ci zango a ɗaya daga manyan tseren Turai uku.

TAMBAYA, daga wani ma'aikacin gona a yankin Foggia: Tun da duhu nake fita. An ce akwai rigar da dole in sa. Gaskiya ne?

AMSA: Gaskiya ne, Malam, kuma ba don tara kaɗai muke jaddada ta ba. Dokar hanya, *Codice della Strada*, ta ce mai keke a wajen gari, daga rabin awa bayan faɗuwar rana zuwa rabin awa kafin fitowarta, sai ya sa *giubbotto catarifrangente*, 'yar shara mai ƙyalli, ko maɗauran kafaɗa masu ƙyalli, *bretelle*. Haka ma a cikin ramin hanya, *galleria*, ko da rana tsaka. Keken kuma ya kasance da *campanello* ƙararrawa, fitila fara ko rawaya a gaba, ja a baya, wato *le luci*. Hular kwano, *il casco*, ba dole ba ce a keke na gama-gari, amma hanyoyin karkara da ba fitilun titi ba wurin gwada sa'a ba ne.

Kalmomin da ɗan sanda zai yi maka: *contromano*, bin hannun da ba naka ba, *marciapiede*, dakalin masu tafiya a ƙasa, inda sai ka sauka ka tura, *a mano*, *pista ciclabile*, hanyar kekuna, wadda in akwai ta ita za ka bi, *multa*, tara. In bai yi maka a hankali ba ka ce *Può ripetere più piano, per favore?*

Masu keken lantarki su lura. Doka ta ɗauke shi keke ne in injinsa bai wuce wat 250 ba, yana taimakawa ne sa'ad da ake taka feda, kuma yana yankewa a gudun kilomita 25 a awa. Wanda aka cire wa wannan iyaka, ko mai zura da totur ba feda, babur ne a idon hukuma: sai da lamba, inshora, lasin da hular kwano. Lambar gaggawa 112.

TAMBAYA, daga Napoli: Yaya zan ce gwiwata na ciwo? Kuma in azumi ya zo me zan gaya wa abokan gudu?

AMSA: *Mi fa male il ginocchio.* In biyun ne, *Mi fanno male le ginocchia*. Aikatau na bin abin da ke ciwon, ba kai ba. Haka *mi fa male la schiena* baya, *mi fanno male le gambe* ƙafafu. Haki *ho il fiatone*, ɗaurewar jijiya *ho un crampo*, ƙishirwa *ho sete*, jin zafi *ho caldo*. Kada ka ce *sono caldo*, wata ma'ana za a ba ta. In gaban gwiwa ne ke ciwo bayan hawan keke, duba sirdi tukuna, sau da yawa ya yi ƙasa ne. Zauna, ɗora dunduniya a kan feda tana can ƙasa: ƙafar ta miƙe sak. In ta lanƙwashe, ce wa mai gyara *Mi alza la sella?* Ciwon da ya ƙi tafiya ko ya zo da kumburi, na likita ne.

Na azumi, *Faccio il Ramadan* ta fi saurin shiga kunne, don *sono a digiuno* ita ce kuma ake faɗa in za a ɗebi jini ba a karya ba. Za su tambaye ka *Neanche l'acqua?*, ko ruwa? Amsa: *Neanche l'acqua, fino al tramonto.* Sannan ka ba su sabon lokaci: *Questo mese mi alleno la sera, dopo cena.*